Jigidar Yaya Ta Yi Mata Yawa

Litinin, da hantsi

Yaya ta kira ni ɗakinta ta ce in turo ƙofa. Na ɗauka maganar asibiti za ta yi, ashe ta jigida ce. Wai da ta miƙe a banɗaki sai ta ji abu ya zame mata har idon sawu. Ta duba ta ga ita ce, duk layi ukun, ƙulli bai kwance ba, zare bai tsinke ba.

Ni na shirya mata ita shekarun baya, jan dutse da murjani. Ranar sai da na ƙaro zare, tana ta dariya tana cewa ƙugunta zai karya min jari. Yaya mace ce da in ta zauna a kujerar mutum biyu ba mai tambaya ko da sauran wuri. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta koya min shirin duwatsu tun kafin idonta ya daina ganin hujinsu.

Ta ɗaga riga, na durƙusa na zagaya mata zaren awo. Hannuwana suka haɗu a bayanta. Tun da nake ban taɓa haɗa hannu a bayan Yaya ba.

Ta ce, "Auta, rage ta yadda za ta zauna. Kuma tsakaninmu."

Duwatsun da na zare sun cika min tafin hannu. Abin da likita ya faɗa makon jiya ba zan rubuta shi ba. Na ji, Direba mijinta ya ji, ita ma ta ji. Ya isa.

Talata, da la'asar

Na je shago. Rediyo, mai ɗinkin da muke raba ɗaki ɗaya da ita, ta tare ni da tambayar jikin Yaya tun ban ajiye jaka ba. Sunan ya bi ta ne don ba ta da makashi. Na ce da sauƙi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da taka keke.

Wata ta kawo jigidarta ta dusashe, murjanin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Na karanta mata abin da nake karanta wa kowa. Kada ta fesa mata turare, murjani ba ya so. In ta yi wanka ta ɗauraye sabulun sosai, ta goge da tsumma mai laushi, ta bar zaren ya sha iska kafin ta sa kaya. In ta ga zaren ya fara gashi ta kawo shi kafin ya kunyata ta a tsakiyar mutane. Bakina ne ke magana, ni ina can ɗakin Yaya.

Alhamis, da rana

Ranar kiran Shagwaɓa ce, 'yar Yaya tilo. Tana can garin da aure ya kai ta, tafiyar yini guda, da tsohon ciki. Biyu sun zube mata a baya. Wannan karon likitanta ya ce ta kwanta, jininta na hawa, ba tafiya, ba tashin hankali. Shi ya sa Yaya ta kafa doka: ba mai gaya mata komai sai ta sauka.

Kafin kiran muka yi aiki. Na sa mata riga biyu, na ɗaura mata ɗankwali mai tudu, na shafa mata hoda da kwalli, na jera matasai a bayanta. Ta ce in riƙe wayar daga sama, fuska ta fi cika ta nan.

Shagwaɓa na ganinta ta ce Umma kin rame. Yaya ta ce ai da gangan ne, ta gaji da mota na karkata ɓangarenta. Ta ma girgiza ƙugu daga zaune don 'yar ta ji ƙarar jigida, ta ce ga shaida nan, tsohuwa ba ta ajiye makami ba. Suka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Ana kashe wayar Yaya ta ce in miƙo robar amai.

Asabar, da safe

Shayi ta kurɓa. Biredin yana nan yadda na yanka shi.

Lahadi, da yamma

Direba ya ajiye tafiye-tafiyensa. Ba ya iya zama a ɗakin, ba ya iya barin gidan. Ya gyara famfo, ya gyara fanka, ya sauke ƙofar kicin ya sake ɗora ta. Yau na same shi yana kwance dutsen guga mai lafiya. Yaya ta ce in ƙyale shi, in ya gama da gidan ita zai zo ya kwance ya ga inda ta lalace.

Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Talata, da azahar

Na yi abin kunya a shago.

Wata yarinya ta zo, cike da jini da tsoka, tana so in ɗaura mata jigida ta dindindin, wadda ba maɓalli. Ta ce in tsuke ta sosai, da ita za ta riƙa gane ko tumbinta na raguwa. Wai ba abin da take roƙo a duniya kamar ta wayi gari ta ga jigida ta zame mata. Na ce ta tsaya daidai ta daina shanye ciki, ba a awo da ciki a shanye, kuma sai yatsa biyu sun shiga tsakanin zare da fata. Ta sake maimaita maganar zamewar, tana dariya.

Ban san sanda na ajiye zaren ba. Na ce mata ta je ta gode wa Allah da naman jikinta, ta bar roƙon abin da ba ta sani ba. Murya ta fi ƙarfina. Yarinyar ta saki rigarta ta fita.

Rediyo ta tsayar da kekenta. Ta tashi ta zuba min ruwa a kofi. Can ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ina son magana tana nan. Na gaya mata. Ita ce ta farko da na faɗa wa kalmar da bakina.

Alhamis, da hantsi

Asibiti. Za a saka Yaya a na'urar hoto, nas ta ce a cire komai. Da ta ga jigida ta ɗauko almakashi. Yaya ta dafe ƙugu da hannu biyu ta ce sai dai a fasa hoton. Na roƙi nas ta ba ni ɗan lokaci, na ciro allura daga jakata na zauna kwance ƙullin a hankali. Nawa ne, na san hanyarsa. Mutane na jira a waje, nas na duba agogo, amma ba ta yi min tsawa ba.

Da suka tura ta ciki na zauna a benci da layi uku a cinyata, da ɗumin jikinta a jikinsu. Kafin ta fito sun huce.

Likita ya kira ni da Direba gefe. Gajeriyar magana ce. Ya ce a kai ta gida, a ba ta abin da take so.

A mota ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa yini ba jigida ba, ji take kamar an fito da ita titi ba zani. Muna isa na mayar mata. Sai da na sake ragewa.

Juma'a, da safe

Da sauƙi. Da sauƙi. Na faɗa wa maƙwabciya, na faɗa wa mai kanti, na faɗa wa mai kawo ruwa.

Lahadi, da rana

An yi rigima. Direba ya shigo ɗaki ya tsaya, bai zauna ba, ya ce shi zai kira 'yarsa ya gaya mata, ba zai ɗauki wannan alhakin ba. Yaya ta ce ta riga ta raka jikoki biyu da ba ta ga fuskarsu ba, ba za ta zama sanadin na uku ba. Ya ce in yarinyar ta tashi ba ta tarar da uwarta ba fa? Ta ce za ta yi kuka, kuma mai kuka da jariri a hannu ya fi mai kuka hannu wofi.

Sai ta juyo kaina ta ce, "Duk wanda ya gaya mata a cikinku, ban yafe ba."

Direba ya fita. Na ji shi yana buga wani abu da guduma a bayan gida, abin da na tabbata bai lalace ba.

Ni dai gaba kura, baya sayaki. Kowannensu na da gaskiya, kuma ni ce mai riƙe waya.

Talata, da hantsi

Da nake goge mata jiki na ga inda duwatsun suka zauna. A kan ƙashin ƙugu fata ta yi ja, wuri ɗaya ya fara ɗayewa. Da can nama ne ke tare su. Nas ɗin da ke zuwa yi mata allura ta ce dole a cire, mai kwanciya yini guda ba ya kwana a kan dutse, in ya zama gyambo ba zai warke ba. Yaya ta juya fuska bango.

Na ce wa nas ɗin ta ba ni awa guda. Na kwance duka, na ware masu kusurwa da manyan, na zaɓi ƙananan murjani masu santsi waɗanda shekaru suka goge. Layi ɗaya na shirya, a zaren auduga riɓi huɗu da na murza da kakin zuma don kada ya ci fata. Na ɗaura ta sama da ƙashin, na kawo ƙullin gaba inda ba za ta danne shi ba.

Ta shafa ta ce wannan ai jigidar yara ce, ba ta ko magana. Na ce ai mai ita ta yi maganar da ta ishi unguwa. Ta ce in bari ta warke in gani.

Laraba, da yamma

Ban je shago ba.

Alhamis, da rana

Yau ba a yi kiran hoto ba. Hoda ta daina rufe abin. Na ce wa Shagwaɓa kyamarar ce ta lalace, suka yi magana ta murya, gajeriya, Yaya na hutawa tsakanin kalma da kalma kamar mai hawa bene.

Bayan nan Shagwaɓa ta kira ni a tawa wayar. Na fita ƙofar gida.

Ta ce, "Inna, ke ba kya min ƙarya. Me ke damun Umma?"

Na ce zazzaɓi ne mai naci, ya sa ta kasala. Ta ce in rantse. Na ce ba na rantsuwa a kan zazzaɓi, ta kula da kanta, ta sha maganinta. Ta ce to, tunda ni na faɗa.

Tunda ni na faɗa.

Asabar, da safe

Ruwa kawai, da cokali.

Lahadi, da la'asar

Ta farka tana neman mahaifiyarmu. Daga baya ta gane ni, ta tambaya ko an sauke tukunya. Masu dubiya na ta cewa haƙuri, haƙuri. In na sake jin kalmar nan ban san abin da zan yi ba.

Litinin, da hantsi

Mijin Shagwaɓa ya kira Direba. An kwantar da ita a asibitin can, jinin ya ƙi sauka, za su jira 'yan kwanaki su yi mata aiki su ciro jaririn. Direba ya gaya masa halin da muke ciki. Yaron kirki ne. Ya roƙe mu da girman Allah mu riƙe har a yi aikin. Ya ce wayarta na hannunsa, shi zai riƙa tace mai shiga da mai fita.

Na gaya wa Yaya an kusa. Ta buɗe ido ta ce madalla.

Talata, da azahar

Ina gyara mata matashi ta kama hannuna ta kai shi kan cikinta. Na ɗauka ciwo ne. Na sunkuya.

Ta ce, "Auta, cire min. Ta yi min nauyi."

Layi ɗaya ne na ƙananan murjani, ko tafin hannu bai cika ba. Na ce to. Na ɗauko allura, amma na kasa samun bakin ƙullin da na yi da kaina. Da almakashi na yanke. Duwatsun suka gangara cikin zanin gado, ina tsince su ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashinta, ita ko motsi ba ta yi ba. Ta ce yauwa. Ta yi barci.

Laraba, da safe

Ba ta yi magana ba.

Alhamis, da yamma

Yaya ta cika da asuba. Sun fita da ita da hantsi. Direba ya dawo da ƙasa a gwiwar wandonsa. Ƙofar gida ta cika da takalma, ban san muna da mutane haka ba.

Duk wanda ya shigo sai na ja shi gefe na roƙe shi kada ya kira yarinyar, kada ya rubuta komai a waya. Rediyo ta rufe shago ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana taya ni. Wata tsohuwa ta ce wannan wane irin rashin imani ne. Na wuce wurin mai shigowa na gaba.

Juma'a, da hantsi

Ta kira. Mijin Shagwaɓa ya ce ta matsa, ya rasa yadda zai yi. Na shiga banɗaki na rufe don kada ta ji hayaniyar mutane. Na ce Umma na barci.

Asabar, da rana

Ta kira. Na ce tana wanka. Ta yi dariya ta ce ashe Umma ta samu ƙarfi, in gaya mata jibi ne, ta yi mata addu'a. Na ce za ta ji.

Da na fito na ɗebo ruwan ɗumi a kwano na zauna wanke duwatsun Yaya, duka, da waɗanda na rage da farko da na ƙarshen. Ban san me ya sa ba, ba wanda zai sa su. Na goge kowanne na shanya a kan tawul. A cikin hujin wasu akwai sauran hodar da nake shafa mata. Na zuba su a gwangwani na tura ƙasan akwatinta.

Litinin, da la'asar

Mace ce. Uwa da 'ya suna lafiya. Direba ya zauna a ƙasa a tsakar gida ya rufe fuska da hula.

Mijin ya ce tana farfaɗowa ta ce a kira Umma ta ji kukan. Ya ce mata layi ba ya shiga.

Laraba, da hantsi

Likitanta ya ce jinin ya sauka, za a iya gaya mata. Mijin ya gaya mata da safe. Ba ta kira babanta ba, ni ta kira. Ba kuka a muryarta, da ma kukan ta yi.

"Yaushe?"

Na ce Alhamis.

"Ranar da kika ce tana barci fa?"

Na ce an riga an kai ta.

"Da ranar wanka."

Na ce eh. Na fara cewa ita ta hana, ta ce ba ta tambaye ni ba. Ina jin jaririyar na kuka kusa da wayar. Sai ta kashe.

Lahadi, da yamma

Na kira, ba ta ɗaga ba. Tana magana da babanta.

Laraba, da rana

Na koma shago. Na shirya layi guda na baƙin dutse, na ga na tsallake tsari a tsakiya, na warware. Rediyo ta rage surutu saboda ni, shirun nata ya fi surutun damuna.

Asabar, da safe

Ba ta ɗaga ba.

Alhamis, da la'asar

Na daina kira. Kwanakin nan ba abin rubutawa. Ina tashi, ina zuwa, ina dawowa. Direba ya koma hanya, ya ce gidan na cinsa. Ya ce yarinyar za ta zo in ta iya zaman mota. Na tambaye shi ko ta ambace ni, ya ce in ba ta lokaci.

Talata, da hantsi

Ta iso jiya. Na je gidan, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabta, ta shige ɗakin Yaya ta rufe. Jaririyar a hannun babanta na gan ta. Goshin Yaya ne sak. Ban daɗe ba na tafi.

Alhamis, da yamma

Ina shago da hantsi sai ga ta a bakin ƙofa, da goyo. Rediyo ta karɓi jaririyar ta ce bari ta kai ta ta ga titi, ta ja mana labule.

Shagwaɓa ta ciro wata 'yar ledar magani ta ajiye a teburina. Duwatsu ne a ciki, masu ruwan ganye, da guntayen zare. Jigidarta ce, a asibiti suka yanke ranar aikin, wata nas ta tattara mata abin da ta samu. Ta ce ta kai wa wata a can, ta ga yadda matar ke riƙe allura ta karɓo kayanta.

Na juye su a faranti na wanke, na murza zare. Ba ta zauna ba, ba ta dube ni ba, bangon da Rediyo ke rataye riguna take kallo. Wasu sun ɓata, na cike da nawa masu kama da su. Da na gama na ce ta ɗaga riga.

Na durƙusa a gabanta. Ga ɗinkin nan a ƙasan cibiya, ya haɗe amma bai gama baƙi ba. Na zagaya zaren ta sama da shi. Na ji cikinta na rawa a bayan hannuna, sai ɗigo ya sauka a wuyan hannuna, wani ya biyo. Ban ɗaga kai ba.

Ta ce, "Ban yafe miki ba, Inna."

Na ce na sani.

"Ta sha wuya?"

Na buɗe baki zan ce da sauƙi. Na rufe. Na ce ta sha, sosai, amma kwana biyun ƙarshe barci ta yi, kuma ta san an kusa ciro jaririyar, ta ce madalla.

Ta daɗe a tsaye, hannunta riƙe da bakin riga. Sannan ta ce in ɗaure, amma kada in tsuke, wurin bai daina ciwo ba.

Na sa yatsa biyu, na ƙara na uku, na ƙulla.